Kifi a Tukunyar Hausawa Mazauna Ƙetare

Bahaushe mutumin nama ne. In ka cire Kabawa da Yawurawa, da mutanen fadamun Haɗeja da Nguru, da na bakin Tafkin Chadi, waɗanda su ya zame musu gado, yawancin gidajen Kano da Katsina da Zariya da Maraɗi nama suka sani: tsire, balangu, kilishi, dambu, farfesun kayan ciki. Kifi abin marmari ne, ko kuma abin da uwargida ke ɓarewa ta jefa a miyar kuka ranar da kuɗin cefane bai kai gaban mahauci ba. Har gobe akwai magidantan da in an ajiye musu tuwo da miyar kifi sai sun laluba kwanon sun tambaya ina naman yake.

To amma ka shiga gidan Bahaushen da ke zaune a Landan ko Manchesta, ko unguwar Bronx ta New York, ko Hambug, ka roƙi uwargida ta buɗe maka firiza. Titus da karfasa za ka fara cin karo da su, sai gunduwa-gunduwar tarwada a leda, can ƙasa kuma wani ƙulli da aka naɗe ninki-ninki ana ji da shi, wato bandar da wani ɗan'uwa ya taho da ita daga gida. Mutanen da ba su taɓa kankare kifi ba a Kano sun zama gwanayen farfesu. Lalura ce ta fara kai su ga haka, daga baya abin ya zama jin daɗi.

Lalura ta farko ta halal ce. Wanda ke Birmingham ko Bradford ba ya rasa mahaucin Musulmi, kusan kowane layi akwai. Amma ɗalibin da karatu ya jefa wani ƙaramin gari a Sukotlan ko Folan, ko tsakiyar Amurka, ko Japan, zai iya tsayawa gaban firjin nama a babban kanti ya yi ta juya kunshin kaza, zuciyarsa ba ta kwanta ba. Kifi kuwa ba ya buƙatar yanka, babu tambayar wa ya yanka, ko ya ambaci sunan Allah. Mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Hausawa ke bi, ta ma fi sauran sassauci a nan, don ta halatta abin da ke rayuwa a ruwa gaba ɗaya, har jatan lande da ƙaguwa. Hanafawa sun fi taƙaitawa a kan kifi, shi ya sa in za ka gayyaci abokinka ɗan Pakistan ko Turkiyya ya kyautu ka tambaye shi kafin ka cika masa faranti da jatan lande. Inda ake yin tuntuɓe shi ne shagunan soyayyen kifi da dankali na Ingila. Wasunsu da giya suke kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin, wasu kuma, musamman a arewacin ƙasar, da kitsen dabba suke suya. Tambaya ɗaya ta wadatar, kuma ba sa jin haushi.

Lalura ta biyu a filin jirgi take. Duk wanda ya taɓa cewa zai je Turai daga Kano ya san wayoyin da ke biyo baya. "Yaya, don Allah ko kilishi kaɗan ki riƙo mana, yara na ta nema." Sai dai dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga Najeriya ko Nijar shiga da nama da madara da abin da aka yi da su, ko na ci ne a gida. Kilishi, dambun nama, man shanu, duk suna cikin haramcin, kuma in jami'an kwastan suka gani ƙwacewa za su yi su lalata. Ƙasashen Tarayyar Turai haka, Amurka ma haka a kan nama. Kifi ne aka bar wa ƙofa. Birtaniya ta yarda mutum ɗaya ya shiga da abin da ya kai kilo 20, busasshe ko kyafaffe ko dafaffe, ɗanye kuma in an cire kayan cikinsa. Wannan ne ya ɗaga darajar banda a jakar matafiyi, ta hau layin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji.

Amurka ce ke da tata sarƙaƙiyar. A watan Maris na 2018 ta dakatar da shigo da tarwada daga Najeriya ta hanyar kasuwanci, saboda Najeriya ba ta cika sharuɗɗan binciken lafiyar abinci da ma'aikatar noman ƙasar ta gindaya wa wannan dangin kifi ba. Ƙasashen da aka amince wa daga baya su ne Sin da Tailan da Biyetnam. Masu kyafa tarwada da ke tura kaya Amurka sun ji jiki, masu saye a can ma sun ji a aljihunsu. Matafiyi dai shawara ɗaya ce gare shi: duk abincin da ke jakarsa ya bayyana shi a takardar shiga. Abin da aka bayyana, in bai halatta ba, karɓewa kawai ake yi. Wanda aka ɓoye shi ke jawo tara.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan sha'ani shi ne yadda kifin da muke kira namu ya riga mu zuwa can. Titus ɗin da muka taso muna saye a wurin masu kifin ƙanƙara a Sabon Gari, daga tekun arewacin Turai yake zuwa, daga ruwan Norwe da Sukotlan da Ayalan, ya yi makonni a jirgin ruwa kafin ya sauka Legas, ya sake kama hanyar mota zuwa Arewa. Shawa ma haka. Wanda ke zaune a Abadin ta Sukotlan ko Bagen ta Norwe a bakin ruwan titus yake, zai iya samunsa da idonsa garau, fatarsa na sheƙi, irin wanda ba mu taɓa gani a gida ba. Tarwada kuma, irin tamu ta Afirka, tun shekarun 1980 ake kiwon ta a Holan cikin tankunan ruwan ɗumi, Hangari ma ta yi nisa a kiwon ta. Masu kiwon kifi a Najeriya sun san irin da ake ce wa na Holan, wanda aka dawo mana da shi bayan an inganta shi. Giwan ruwa, wanda masunta ke takara a kansa a bikin Argungu tun 1934, yana kwance a kantunan Jamus da Faransa, sai dai daga Tafkin Biktoriya ake kawo shi, an zare masa ƙaya, an cire kai, an bar tsoka zalla. Karfasar da ke cikin firizar shagunan Afirka kuwa, in ka duba kwalin, sau da yawa Sin ko Indunusiya za ka gani.

Sanin inda ake saye shi ne rabin aikin. A Landan babbar kasuwar kifi ita ce Billingsgate, wadda aka mayar unguwar Poplar a 1982. Ƙarfe huɗu na asuba take buɗewa, daga Talata zuwa Asabar, kafin hantsi an watse. Magidanta kan haɗa kuɗi, mutum biyu ko uku su yi sammako su sayo kwali-kwali, a dawo a raba. A ƙarshen 2024 hukumar birnin ta yanke shawarar daina tafiyar da kasuwar a inda take, aka ba 'yan kasuwa zuwa aƙalla 2028, don haka mai son ganin ta kada ya yi ta jan ƙafa. Wanda sammako ya gagara yana da Peckham da Brixton da kasuwar Ridley Road. A New York tsohuwar kasuwar Fulton ta koma Hunts Point a 2005, wato cikin Bronx, unguwar da Hausawan Gana da na Nijar suka fi yawa.

Amma sirrin da matan da suka daɗe ke faɗa wa sababbin zuwa shi ne shagunan 'yan Bangaladash da Indiya. Mutanen Bangal masu cin kifin kogi ne irin namu, ba su yarda da kifin da ba shi da kai ba. A firizarsu akwai wani da suke kira magur, ɗan'uwan tarwada ne na jini. A gefe kuma ga kuɓewa ɗanya, ga tsamiya, ga zogale wani lokaci, ga yakuwa da mutanen kudancin Indiya ke kira gongura. Mutumin Adamawa ko Borno da ya samu yakuwa da alayyafo da kifi mai kyau ya samu miyar Margi, saura tuwon, shi kuma garin shinkafa ko semo sun tsaya masa.

Hausawan da ke ƙasashen Larabawa da Asiya da sauran Afirka ba su sha irin wannan wahalar ba. Ɗaliban Azhar a Alƙahira suna ƙasar da ta fi kowace a Afirka kiwon kifi, karfasa da ake kira bulɗi ita ce abincin talaka, kuma mai kifin zai gasa maka ita da dusar alkama a jikinta ka ɗauko ka kawo gida ka bi ta da yajinka. A Jidda akwai kasuwar Bangala a bakin Bahar Maliya, inda za ka saya, a gyara maka, a soya maka in kana so, kuma gidajen Hausawan Makka da Jidda sun daɗe da mayar da shinkafar sayadiyya tasu. A Sudan, inda jama'ar Mai Wurno suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, Hausawa na cikin waɗanda aka sani da sana'ar su. Ɗalibai a Maleshiya suna samun tarwada a kowace kasuwa da sunan ikan keli, da araha. A zangunan Nima da Kumasi kuwa karfasar Tafkin Volta da kifin gishiri da ake kira kobi sun zauna daram a miyar tuwo.

Matsalar tana ƙasashen sanyi, kuma ba a kasuwa take ba, a kicin take.

Ɗauki gyaran tarwada. A gida toka ake ɗiba a murhu a cuɗe ta da ita a tsakar gida, yauƙin ya fita. A hawa na bakwai na wani bene a Manchesta babu murhu balle toka. Sai a ɗora butar lantarki, a jera gunduwoyin a roba, a kwarara musu ruwan zafi. Cikin ɗan lokaci yauƙin zai yi fari ya dunƙule, a tsiyaye ruwan, a kankare da bayan wuƙa, a ɗauraye da ruwan sanyi da gishiri da lemon tsami. Ruwan zafin yana da wani amfani, yana ɗaure naman ya hana shi dagargajewa a tukunya. Daga nan a dafa jajjagen attarugu da albasa da tafarnuwa tare da citta da kanumfari da masoro da kimba da ɗan daddawa, sai romon ya haɗa jikinsa sannan a jera kifin a hankali, kai a ƙasa. Ba a sa ludayi. Kunnuwan tukunyar ake kamawa a girgiza. Ɗoɗɗoya a ƙarshe, in babu a sa ganyen da Turawa ke kira basil, danginsu ɗaya. Wanda ya dawo daga aikin dare cikin sanyin Janairu ya tarar da wannan, ya san an yi masa gata.

Suya ce ke tada rigima. Tagogi a rufe, na'urar ɗumama ɗaki na aiki, ƙasa duk kafet, labule masu kauri. Ka soya titus da yamma, ƙarnin zai kwana a rigar sanyin maigida ya bi shi ofis, ya bi yara makaranta, ya sauka matattakala ya gaida maƙwabta. Hayaƙin mai kuma na tada ƙararrawar gobara, kuma a wasu gidajen ɗalibai in ta tashi kowa sai ya fito waje ya tsaya cikin sanyi, ana hararar wanda ya jawo. Uwargida ta ce bari ta kashe ƙarnin da turaren wuta, turaren ma ya sake tada ƙararrawar. Na san gidan hayar da mai gidan ya kira mazaunansa ya yi musu gargaɗi a kan warin girki, alhali su a ganinsu ƙamshi ne.

Dabaru sun biyo baya. An koma gashi a obin da na'urar nan mai suya da iska mai zafi, ana tsaga jikin kifin a cusa masa yaji da tafarnuwa. Ana rufe ƙofofin ɗakuna, a kwashe rigunan fita daga kusa da kicin, a tafasa ɓawon lemo da kanumfari bayan an gama. Suyar gaske, mai mangyaɗa cike da kasko, an bar ta sai bazarar Turai, lokacin da za a iya fitar da murhun gas lambun bayan gida. Wasu ma banda suke yi da kansu: a sa wa tarwada gishiri, a lanƙwasa ta a soke wutsiya da baki da tsinke, a bar ta a obin da wuta ƙasa-ƙasa kusan yini. Tana bushewa, tana kuma yin miya, amma gaskiya ba ta kama ƙafar ta Baga ba, don babu hayaƙin ice a jikinta.

Zancen Baga kuwa zance ne mai ciwo. Daga can da gaɓar Diffa mafi yawan bandar da aka sani ke fitowa, ta bi ta Tashar Baga a Maiduguri ta watsu har Onica da Legas. Rikicin Boko Haram, musamman bayan harin Baga na Janairun 2015, da takunkuman da hukumomi suka sa wa fataucin kifi a ɓangarorin biyu na iyaka, sun durƙusar da kasuwar shekaru, farashi ya tashi. Wanda ke jiran ƙulli a Hambug ya ji a jikinsa. Ga kuma batun tsabta. Banda na jan ƙwari, kuma an san wasu marasa tsoron Allah na yayyafa mata fiya-fiya don kada ta lalace. Mai aika wa ɗan'uwa saƙo ya sayi inda ya yarda da shi, ya shinshina, ya ɓara ɗaya ya duba cikinta. Mai karɓa kuma ya jefa ta firiza tun ranar da ta iso, kuma kafin ta shiga miya a jiƙa ta a ruwan zafi da gishiri a wanke yashi da toka.

A nan ne nake ganin an bar mu a baya. Namu mutanen ne ke kamun, su ne ke kyafawa, amma shagunan abincin Afirka na Landan da Hambug da Houston yawancinsu na Yarabawa ne da Inyamurai da mutanen Gana. Bandar Arewa kan isa can cikin leda mai kyau da sunan mangala, da hatimin wani, Bahaushe ya saya da tsada yana murna. A Gana tun 1969 aka ƙirƙiro murhun kyafa kifi na Chorkor, mai jerin faifan waya hawa-hawa, wanda ke rage cin ice ya kuma fitar da kifi mai tsabta. Mu har yanzu a wurare da dama ciyawa ake cinna wa kifin a ƙasa ya babbake. Kasuwar na nan tana jira, abin da ya rage tsabta ce da kunshi da takardun da ƙasashen ke nema.

Duk da haka, ban ga dalilin da zai sa mutum ya zauna a bakin teku ya zama kifin rijiya ba, ya ce in ba tarwada ba ba ya ci. Kifin salmon, mai maiƙo, ya dace da miyar yakuwa ƙwarai, tsamin ganyen na yanke maiƙon. Kyafaffen titus da ake sayarwa a kowane babban kanti a Birtaniya na maye gurbin banda a miyar ɗanyar kuɓewa, in an sa shi daf da saukewa. Kifin kod da Turawan Ingila ke ji da shi bai yi da farfesu ba, watsewa yake yi, amma ya yi da dambun kifi. Sadin na gwangwani ya ceci ɗalibai da yawa ranar da aljihu ya bushe. Likitoci ma suna bayan wannan. Hukumar lafiya ta Birtaniya na ba da shawarar cin kifi sau biyu a mako, ɗaya daga ciki mai maiƙo irin su titus da shawa da salmon, waɗanda ke ɗauke da bitamin D, abin da masu baƙar fata ke yawan rasawa a ƙasar da rana ke rowa. Ta kuma gargaɗi masu juna biyu su guji manyan kifayen teku irin su shak da mai takobi, su rage tuna, saboda sinadarin makuri.

Mai sha'awar kamawa da kansa ya yi hattara. A Ingila ba a jefa fatsa a kogi sai da lasisi, kuma daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an hana kamun yawancin kifin kogi don lokacin hayayyafarsu ne. A Jamus yawanci sai ka ci jarrabawa kafin a ba ka izini. A Ingila Bature zai yini a bakin tafki, ya kama ƙaton kifi, ya auna shi, ya ɗauki hoto, ya mayar da shi ruwa. Bakabe in ya ga haka sai ya riƙe baki, amma a tafkuna da yawa ƙa'idar ke nan, wanda ya sa a buhu ya yi laifi.

Saura yara. Waɗanda aka haifa a can sun saba da kifin makaranta, mai siffar yatsa, an lulluɓe shi da garin burodi, ba ƙaya ba ido. Ka ajiye musu karfasa sukutum sai su ja baya. "Umma, yana kallo na." Iyaye da yawa kan gaji su ƙyale, a dafa wa yara nasu daban. Ni dai ina ganin asara ce. Zare ƙaya da yatsu, da sanin inda tsokar kumatu take, da tsotse kan tarwada, duk koyo ake yi, kuma a gefen uwa ko uba ake koyonsa tun ana ƙanana. Yaron da bai koya ba, ranar da aka kai shi gaida kakarsa a Yawuri aka ajiye masa kwano, shi da ita duk za su ji kunya.

Don haka kai da ka sauka kwanan nan, ka bar layin kifin leda na babban kanti ka nemi mai sayar da kifi sukutum. Duba idonsa ya kasance garau, ƙasan kunnensa ja, namansa in ka danna ya dawo. Kuma tun kafin mai shagon ya ɗaga wuƙa ka gaya masa kana son kan, don su can zubar da shi suke yi, wasu ma kyauta za su ba ka kawunan salmon in ka tambaya.